Daga Edmonton zuwa bakin Tekun Aktik da mota: kwana 14 za su isa?

Baban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san hanya. Shekarata shida ke nan a Edmonton ta ƙasar Kanada, kuma tun ranar da na ji cewa akwai hanyar mota har Tuktoyaktuk, wato har bakin Tekun Aktik, abin ya tsaya mini a rai. Bana na samu hutun kwana 14 cif, maiɗakina kuma ta yarda mu tafi tare da yaranmu biyu, ɗaya shekararsa tara, ƙanwarsa biyar. Motata RAV4 ce ta 2019, lafiyarta ƙalau. A lissafina zuwa kaɗai ya kusa kilomita 3,400. Abin da nake son sani: kwanakin nan za su isa zuwa da dawowa? Wane wata ya fi? Me ya kamata in yi wa motar kafin mu tashi? An ce matambayi ba ya ɓata.

Direban_Tirela:
Wa alaikumus salam Baban Sadiq. Ni tuƙin tirela ne abincina, na bi hanyar Alaska har Whitehorse ba adadi, Dempster kuma, wato hanyar tsakuwar da take miƙewa arewa har garin Inuvik, na hau ta sau uku. Amsa a taƙaice: ba za su isa ba, in dai tafiya kake so ka yi ba tsere ba. Ka raba 6,800 gida 14, za ka ga kullum sai ka ci kusan kilomita 490, babu ranar hutu ko ɗaya, da yara biyu a baya. Kuma wannan lissafin na kwalta ne. Daga mararrabar da ke gab da Dawson City zuwa Inuvik kilomita 736 ne kusan duk tsakuwa, daga Inuvik zuwa Tuk, wato Tuktoyaktuk, wasu 138, su ma tsakuwa. A can in kana yin 70 a awa ka gode wa Allah. Ranar da aka yi ruwa kuwa, 40 ma sai da addu'a.

Sabon_Zuwa:
Yallaɓai ni ban gane ba. Na duba taswira, Dawson ɗin ai bai kai kilomita 600 daga Edmonton ba. Ina 3,400 ta fito?

Injiniya_MK:
@Sabon_Zuwa Dawson biyu ne, mutane da yawa suna rikicewa a nan. Wanda ka gani Dawson Creek ne, a lardin British Columbia, inda hanyar Alaska ta fara, wadda sojojin Amurka suka fasa a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu. Dawson City kuwa yana can Yukon, garin da ya yi suna da haƙar zinare. Daga Dawson Creek sai ka yi kusan kilomita 1,400 kafin Whitehorse, sannan wasu 530 da 'yan kai kafin Dawson City. Hanyar Dempster tana ballewa ne kilomita 40 kafin ka shiga garin.

Sabon_Zuwa:
Af, to yanzu na gane. Na gode Injiniya.

Ummu_Khalil:
Mu mun je a 2022, ni da maigida da yaranmu uku, daga Calgary. Kwana 21 muka yi, kuma wallahi a ƙarshe gaggawa muka yi ta yi. Baban Sadiq, ina roƙonka ka zaunar da Maman Sadiq ku yi lissafin nan tare, don ita ce za ta sha fama da yara a bayan mota. Yaro ɗan shekara biyar ba ya zama awa takwas a ɗaure da bel kwana bayan kwana. Namu daga rana ta huɗu suka fara kuka da sun ga an buɗe ƙofar mota. Abin da ya cece mu shi ne wuraren da muka tsaya muka yini: maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Liard, da dajin alluna na Watson Lake inda matafiya suke kafa allon sunan garinsu, dubbai a jere, yara suka yi ta yawo suna karantawa. In ka cire irin waɗannan don ka cika kwana 14, me yaran za su tuna? Bayan kujerar babansu kawai.

Ɗan_Winnipeg:
Ni ban yarda cewa ba za su isa ba. Ni da abokina mun yi ta daga Edmonton, kwana 12 muka dawo gida. Edmonton zuwa Whitehorse kwana biyu, kwana ɗaya zuwa Dawson, biyu zuwa Inuvik, ɗaya Tuk da dawowa. Ana yi. Mutane suna tsorata juna da Dempster fiye da kima. Na ga ƙananan motoci a can, na ga masu babur, har masu keke na gani.

Direban_Tirela:
@Ɗan_Winnipeg ku biyu ne gardawa kuna karɓa-karɓa da sitiyari, babu yaro, kuma Allah ya ba ku sararin sama. Kwana biyu zuwa Whitehorse ai kusan kilomita dubu ne a rana. Ba na ƙaryata ka, amma sa'a ba tsari ba ce. Zuwana na biyu ruwan kogin Peel ya cika ya kwashe gangaren da ake hawa jirgin fito, muka yi kwana biyu a wajen muna jira a gyara. Wanda zai koma aiki ranar Litinin, yaya zai yi da kwana biyun nan?

Baban_Sadiq:
Jirgin fito kuma? Na ɗauka gadoji ne duk hanyar. Nawa ake biya?

Injiniya_MK:
Kyauta ne, gwamnatin yankin Northwest Territories ce take tafiyar da su. Guda biyu ne: na kogin Peel a wajen kilomita 539, gab da Fort McPherson, sai na kogin Mackenzie a wajen kilomita 608, inda ƙauyen Tsiigehtchic yake. Suna aiki ne daga wajen farkon Yuni zuwa cikin Oktoba, kuma ba dare duka ba, don haka ka duba lokacin tashinsu na ƙarshe. Da sanyi kogunan daskarewa suke yi, a bi ta kan ƙanƙara da mota. Tsakanin biyun, lokacin da ƙanƙara take narkewa da lokacin da take haɗuwa, babu jirgi babu gada, hanya a yanke take na makonni. Wannan ya sa watan Mayu ba lokacin zuwa ba ne, kada rahusar otal ta ja ka.

Wani abin da zai taimaka maka ka fahimci halin hanyar: ƙasan wurin a daskare yake shekara da shekaru. Shi ya sa ba a haƙa aka yi hanyar ba, tsakuwa aka jibga a kai, kaurinta ya wuce mita ɗaya, wani wurin ya haura biyu, don kada zafin hanya ya narkar da ƙasa ta lotsa. Sakamakon haka hanyar a ɗage take kamar kunya, gefenta kuma mai laushi ne. In ka matsa gefe da gudu don ka kauce wa tirela, gefen zai ja tayarka ka gangara. An buɗe ta ne a 1979, ɓangaren Tuk kuwa sai a Nuwamban 2017.

Bakanike_Sule:
Bari in shigo ta inda na sani. RAV4 za ta je ta dawo, ba matsalar inji ba ce. Matsalar taya ce. Buɗe but ɗinka ka ɗaga shimfiɗar, ina kyautata zaton ƙaramar safaya ce a ciki, irin siririyar nan da aka yi don ta kai ka gareji mafi kusa. A Dempster gareji mafi kusa yana iya zama kilomita 180. Ka nemi cikakkiyar safaya a kan rim ɗinta, girmanta ɗaya da sauran. Tayoyin huɗu kuma in sun ci rabi, ka canza su da masu kaurin gefe. Akwai wuraren da aka zuba wani baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle, musamman wajen duwatsun Richardson, yana yanka taya kamar reza. Ka sayi kayan toshe huda da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota, kuma ka koyi amfani da su a ƙofar gidanka, ba a cikin sauro ba. Ka gwada jak ɗinka, ka tafi da guntun katako mai faɗi da za ka ɗora shi a kai, don a kan laka nutsewa yake yi.

Ɗan_Winnipeg:
Safaya ɗaya ta isa. Mu ko faci ɗaya ba mu yi ba.

Ummu_Khalil:
Mu biyu muka yi a rana ɗaya, tsakaninsu bai fi awa uku ba. Ta farko an toshe, ta biyu gefe ne ya tsage, ba ta gyaruwa. Da ba mu da cikakkiyar safaya ban san yadda za mu yi ba.

Bakanike_Sule:
Kun ga dai, hanya ɗaya labari biyu. Ni ina cewa cikakkiya ɗaya tare da ƙaramar da ta zo da motar, da kayan faci. Biyu cikakku a RAV4 da mutum huɗu da kaya, ina za a sa su? In ka ɗora a rufi kuma nauyin sama ya ƙaru, mai ya ƙara tafiya. Gudu ne yake kashe taya fiye da komai. Ka rage gudu, ka ɗan rage iska kaɗan in ka hau tsakuwa, ka mayar in ka sauka.

Hajiya_Mairo:
Ku gafarce ni 'ya'yana, ni tambayata daban ce. Me za a je a gani? Mutum ya ɗauki iyalinsa ya kai su inda babu asibiti babu waya, don ya taɓa ruwan teku ya juyo? Ga Banff ga Jasper nan kusa da ku, duwatsu da tafkuna sai wanda ya gaji. Ni hankalina bai kwanta da yaran nan ba.

Baban_Sadiq:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki abin dubawa ce, kuma Maman Sadiq ma ta yi mini irinta da farko. Mun je Jasper sau uku. Abin da yake jana shi ne in ga inda itatuwa suke ƙarewa ƙasa ta buɗe babu iyaka, in ga rana tsakar dare da idona, yarana kuma su san cewa ƙasar da suke girma a cikinta ba ta tsaya a manyan kantuna da filin ƙwallo ba. Amma ba zan sa su cikin haɗari don burina ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Ummu_Khalil:
Hajiya, ni ma da tsoro na tafi. Amma akwai wata safiya a Tombstone, kimanin kilomita 70 da fara hanyar, muka fito daga tanti, kwarin nan gaba ɗaya ya zama ja da ruwan ɗorawa, ga duwatsu baƙaƙe masu tsini a can ƙarshe, babu ƙarar komai sai iska. Babban ɗana ya tsaya ya ce Umma, Subhanallah. Ban koya masa ya faɗa a lokacin ba, da kansa ya faɗa. Kusa da Tuk kuma akwai wasu tuddai da suke kira pingo, cikinsu ƙanƙara ce zalla ƙasa ta lulluɓe, mafi tsayinsu Ibyuk ya kusa mita 50. Gani ya kori ji.

Nas_Zainab:
Damuwar Hajiya tana kan hanya, bari in ƙara mata nauyi a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Asibiti sosai yana Dawson City, yana Inuvik. Tsakaninsu sai ƙaramin wurin shan magani a Fort McPherson. Katin lafiyarku na Alberta zai yi aiki wajen ganin likita a wani yanki, amma kada ku ɗauka zai biya motar asibiti ko jirgin da zai ɗauko mara lafiya, wannan galibi a kan mutum yake faɗawa, kuma kuɗin ba na wasa ba ne. Ku sayi inshorar tafiya ko da ba ku fita Kanada ba, ku karanta ku tabbata ta haɗa da ɗauko mutum ta sama. In akwai mai asma ko mai shan magani kullum, a tafi da na ƙarin mako guda. Ƙurar hanyar tana shiga mota ko an rufe gilashi. Sai maganin zazzaɓi na yara, da na ƙaiƙayin cizon ƙwari.

Direban_Tirela:
Kan maganar waya: sabis yana ɗaukewa jim kaɗan bayan mararraba, kada ka sa ran samunsa sai a garuruwa. Ka ari ko ka sayi na'urar tura saƙo ta tauraron ɗan'adam irin inReach. Sababbin iPhone, daga 14 zuwa sama, suna da kiran gaggawa ta tauraro, amma ni ban dogara da abu ɗaya ba. Ka bar wa wani a gida jadawalinka, ka ce in bai ji ka ba zuwa rana kaza ya ɗaga waya.

Mai kuma: ka cika tanki a Dawson ko a mararraba, don babu wani gidan mai sai Eagle Plains, kilomita 369. Motarka za ta kai, amma tsakuwa da iska da kayan rufi suna shan mai fiye da yadda ka saba, jarka ɗaya ta lita 20 ba za ta cutar da kai ba. Bayan nan akwai a Fort McPherson, sai Inuvik. Ƙa'idata ita ce duk inda na ga famfo na cika, ko rabi ne ya rage. Eagle Plains otal ɗaya ne tal, da wurin faci da wurin cin abinci, ka kama ɗaki tun yanzu, kada ka bari sai ka isa.

Roƙona a matsayin direban babbar mota: in ka hango mu, ka rage gudu sosai, ka ɗan matsa dama ba tare da ka hau gefen mai laushi ba. Gudunka ne yake haɗuwa da dutsen da tayarmu ta watso ya fasa maka gilashi. Fitila a kunne dare da rana, doka ce a can. Kada ka tsaya a kan kwana ko bayan tudu don ɗaukar hoto. Akwai kuma wuraren da hanyar ita ce filin saukar ƙananan jirage na gaggawa, za ka ga allo, ba a tsayawa a nan.

Malam_Tanko:
Kowa yana ta taya da mai, ba wanda ya taɓo salla. Baban Sadiq, in ka je a Yuni ko farkon Yuli, rana ba ta faɗuwa a Inuvik, kwana 56 take yi a sama. Ka shirya wa wannan tun daga gida. Malamai sun yi magana a kai, sun kafa hujja da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda Sahabbai suka tambayi yadda za su yi salla a ranar da tsawonta ya kai shekara, Annabi (SAW) ya ce su ƙaddara mata lokacinta. Daga nan wasu suka ce a bi lokutan gari mafi kusa da yake da dare da rana na sosai, wasu suka ce a bi na Makka. Kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru. Ka tambayi malamin da ka amince da shi, ka riƙe hanya ɗaya, in ka isa Inuvik kuma ka bi jama'ar masallacin.

Sabon_Zuwa:
Malam, masallaci a can ƙarshen duniya?

Ɗan_Winnipeg:
Ƙwarai kuwa, kuma daga garinmu ya tafi. A nan Winnipeg aka gina shi, a 2010 aka ɗora shi a kan tirela har Hay River, daga nan aka sa shi a jirgin ruwa ya bi kogin Mackenzie zuwa Inuvik, tafiyar kilomita dubu huɗu da wani abu. Suna kiransa masallacin Midnight Sun. Ƙarami ne, da 'yar hasumiyarsa, suna kuma raba abinci ga mabuƙatan garin ba tare da duba addini ba. Na yi Juma'a a ciki, kuma a duk tafiyar babu abin da ya taɓa zuciyata kamar wannan. A Whitehorse ma akwai masallaci, an buɗe shi a 2018.

Injiniya_MK:
Ƙari kan maganar Malam: alƙibla a Inuvik kusan arewa sak take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas, don hanya mafi kusa zuwa Makka ta saman duniya take bi. Kada ka fuskanci gabas bisa sabo. Kamfas na maganaɗisu kuma yana kaucewa sosai a wannan yankin, gara ka sauke manhajar da take aiki ba intanet. Ka kuma lura, da rani in ka tsallaka iyakar Yukon zuwa Northwest Territories a kilomita 465, agogo yana ƙara awa ɗaya. Mutane suna rasa jirgin fito na ƙarshe saboda wannan awar.

Abu_Fairbanks:
Ni ina Alaska. Me zai hana ka duba hanyar Dalton? Mil 414 ce zuwa Deadhorse, akwai kwalta a wasu sassan, ga mashigin Atigun mai ban mamaki.

Direban_Tirela:
Dalton hanyar aiki ce, an yi ta a 1974 saboda bututun mai, manyan motoci sun fi yawa a kanta. Daga Coldfoot zuwa Deadhorse mil 240 babu mai. Sannan in ka isa ba za ka kai bakin teku da motarka ba, filin haƙar mai ne, sai ka yi rajista tun da wuri da katin shaida a ɗauke ku a bas. A Tuk kuwa da tayarka za ka je har bakin ruwa. Ga kuma maganar biza, in Baban Sadiq bai karɓi fasfon Kanada ba tukuna.

Baban_Sadiq:
Katin zama nake da shi har yanzu, don haka Alaska sai wani jiƙon in Allah ya kai mu. Mu dawo kan wata. Yuli ko Agusta?

Ummu_Khalil:
Agusta, daga tsakiya zuwa ƙarshe. Ƙawata ta je a farkon Yuli, ta ce sauro bai bar su sun ci abinci a waje ko sau ɗaya ba, sai da ragar rufe fuska. Mu a ƙarshen Agusta kaɗan muka gani, ganye ya canza launi, dare ya dawo yara suna iya barci. Amma da sanyi, wata safiya mun tashi ruwan da muka bari a waje ya daskare, kuma dusar ƙanƙara tana iya sauka a kan duwatsu ko a wannan watan. Ku tafi da rigunan sanyi na gaske.

Ɗan_Winnipeg:
Amma ya ce yana son ganin rana tsakar dare. A ƙarshen Agusta babu wannan. Wajen 20 ga Yuli take fara faɗuwa a Inuvik. Ba a haɗa biyun, sai ya zaɓa: ko rana da sauro, ko launin ganye da sanyi.

Nas_Zainab:
A sa gobarar daji a lissafi. A Agustan 2023 sai da aka kwashe mutanen Yellowknife gaba ɗaya, a Mayun 2024 kuma aka kwashe Fort Nelson, hanyar Alaska ta rufe a wajen. Fort Nelson a kan hanyarku yake. Kullum da safe kafin ku tashi ku duba shafin bayanin halin hanya na 511 na Yukon da na hanyoyin British Columbia da na Northwest Territories. Ku san kuma cewa akwai hanya ta biyu, Cassiar, lamba 37, in ɗaya ta toshe.

Dattijo_65:
Na karanta duka. Shawarar da ba wanda ya kawo: ku hau jirgi daga Edmonton zuwa Whitehorse, Air North suna zuwa, ku ɗauki hayar mota a can. Kun cire kusan kilomita 4,000 daga tafiyar, kwana 14 sun zama yalwa. Sai dai a yi hattara. Yawancin kamfanonin haya sun hana hawa hanyar tsakuwa a cikin yarjejeniyarsu. Ni na taɓa karɓar mota a wani kamfani, ma'aikacin ya ce mini da baki babu damuwa, da na dawo da tsagaggen gilashi suka nuna mini layin da na sa wa hannu, na biya daga aljihuna. Akwai masu ba da mota musamman don Dempster, da safaya da komai, sun fi tsada, suna kuma ƙarewa da wuri. A rubuce za ka nemi izinin, ba da baki ba.

Abu na biyu, ɗana. Wurin nan ba kango ba ne, ƙasar mutane ce. Fort McPherson da Tsiigehtchic na Gwich'in ne, Tuk na Inuvialuit. Za ka ga kifi a shanye da raga a bakin ruwa, abincinsu ne na shekara, ba kayan kallo ba. Kada ka ɗauki hoton mutum ko gidansa ba ka tambaya ba. A Tuk akwai wurin da suka hana shiga ruwa saboda nan suke kamun kifi, ka tambaya su nuna maka inda aka yarda. Ka kwashe shararka, ka sayi abin hannunsu in ka samu. Kantinsu ƙarami ne kuma kaya da wuya suke isa, ka yi sayayyarka mai yawa tun a Whitehorse.

Bakanike_Sule:
Baba ya kawo magana. Amma kuɗin jirgi na mutum huɗu da hayar mota ta mako biyu zai ninka kuɗin tayoyi da mai. Kuma rabin daɗin ai hanyar Alaska ce, ɓaunaye kwance a bakin titi wajen Liard, tafkin Muncho. Af, wannan ma dalili ne na kada a yi tuƙin dare a wannan yankin, ɓauna baƙa ce, ba ka ganinta sai ka zo kanta.

Hajiya_Mairo:
To namun dajin fa? An ce akwai beyar.

Ummu_Khalil:
Akwai, Hajiya, mun ga biyu daga cikin mota. Ba a fita, ba a ba su abinci. In za a kwana a tanti, abinci da man goge baki da duk abin da yake da ƙanshi a mota ake kullewa ko a akwatin ƙarfen da aka tanada a sansanin. Akwai feshin barkono na korarsu, ana saye a kantunan kayan daji, a riƙe shi a jiki ba a cikin jaka ba. Ni dai abin da ya fi ba ni tsoro ba beyar ba ne, lakar bayan ruwan sama ce. Suna zuba wani gishiri a hanyar don ya kwantar da ƙura, in ya jiƙe santsi yake kamar sabulu. Maigida ya tsaya a Eagle Plains muka ƙara kwana har ta bushe, kuma wannan kwanan da ba ya cikin lissafi shi ne abin da nake ta faɗa tun farko.

Bakanike_Sule:
Gishirin nan yana cin ƙarfe. Da ka sauka ka wanke ƙasan motar sosai, ka duba matatar iska.

Baban_Sadiq:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare mun zauna da Maman Sadiq mun karanta duk abin da kuka rubuta. Na buɗe but, ƙaramar safaya ce kamar yadda Malam Sule ya ce. Gobe zan tambayi wajen aiki ko za su ƙara mini mako ɗaya ba albashi. In sun yarda, da motarmu za mu tafi, kwana 21, uku daga ciki ba za mu sa musu komai ba. In ba su yarda ba, ita tana goyon bayan shawarar Baba ta jirgi, ni kuma raina yana kan mu tsaya a layin Aktik, wato iyakar da daga ita zuwa arewa ake samun ranar da rana ba ta faɗuwa, kilomita 405 a kan Dempster, mu juyo, mu bar Tuk sai wata shekara. Watan ma ba mu daidaita ba, ita Agusta, ni Yuli.

Ɗan_Winnipeg:
Ka kai kilomita 405 ka juyo, saura 470 ka taɓa teku? Za ka dawo gida abin yana cin ranka. Ni dai har yanzu ina ganin 14 za su yi in Maman Sadiq tana tuƙi.

Direban_Tirela:
470 ɗin zuwa da dawowa 940 ne, da jirgin fito sau huɗu. Kwana uku ne aƙalla. Baban Sadiq, ko wanne kuka zaɓa, ka kira Eagle Plains cikin makon nan ka ji ranakun da suke da ɗaki, don wataƙila su ne za su raba muku gardamar Yuli da Agusta.

Ummu_Khalil:
Ka ce wa Maman Sadiq ta yi mini magana ta akwatin sirri, ina da jerin kayan da muka ɗauka da waɗanda muka yi da-na-sanin ɗauka. In Yuli kuka tsayar, ta nemi baƙin yadi mai kauri na rufe taga, in ba haka ba ƙaramar ba za ta yarda dare ya yi ba.